Ranar da Mai Firji Ya Sayi Rabin Jif

A layin da ke bayan tashar bas akwai wani bene mai hawa biyu, wanda fenti ya daɗe da yin sallama da shi. Ƙasansa shaguna ne a jere: mai aski, mai sayar da caja da murfin waya, sai shago na ƙarshe wanda ba a ganin ƙofarsa saboda firji da firiza da suka yi sahu a gabansa kamar marasa lafiya suna jiran likita. Mai wannan shagon kowa Mai Firji yake ce masa. Sunansa na yanka kuwa, ko 'ya'yansa sai za a cika musu takardar makaranta suke tunawa da shi.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tabaransa ɗaure da zare ta bayan ƙeya, abin gwajin wuta kullum a aljihun gaba kamar alƙalamin akawu. Da ƙuruciya an kai shi koyon ɗinki, ya haɗa wa wani mutum hannun riga a inda wuya ya kamata ya zauna, tela ya mayar da shi gida da kansa ya ba iyayensa haƙuri. Daga nan aka miƙa shi ga mai gyaran firji, a can kuma Allah ya ajiye abincinsa. A wannan fanni ba shi da na biyu a unguwar. Zai kara kunnensa a jikin firji, ya lumshe ido, ya ce maka gas ne ya tsere ko kwamfireso ne ya gaji, kuma haka za a tarar. Da wannan sana'a ya yi aure, ya gina ɗakuna biyu da falo, ya sa 'ya'yansa mata uku a makaranta.

Da a nan ya tsaya da babu mai jin kansa. Amma kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba, shi kuwa Mai Firji ranarsa mota ce.

Bai taɓa mallakar mota ba. Abin hawansa wani tsohon babur ne da sai an roƙe shi yake tashi. Amma in ana hirar mota a bencin mai aski, to kowa ya kama bakinsa. Ya kalli bidiyon motoci a waya har idonsa ya ƙara lalacewa, ya zauna a garejin makanikai har sun daina yi masa tayin kujera. Duk wanda zai sayi mota ta hannu a dangi ko a layi, sai ya tsinci Mai Firji a gefensa, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba.

"Mota ta hannu kamar bazawara ce," in ji shi, "sai ka binciki abin da ya fito da ita daga gidan farko. Kada ka kuskura ka je kai kaɗai. Kada ka duba ta bayan an yi ruwa, don jiƙaƙƙen fenti ko na akwala ƙyalli yake yi. In dillali ya ƙure rediyo lokacin gwaji, ƙara yake ɓoye maka. Uwa uba, kada ya ga haƙorinka. Ranar da dillali ya ga murmushinka, ranar ya gama da kai."

Yana da wani guntun maganaɗisu da ya ciro daga ƙofar firji, da shi yake bin jikin mota yana neman inda aka cike da ƙasar fenti. Yakan zaro sandar gwajin baƙin mai ya sansana, ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Da wuya mota ta tsallake hannunsa. Wadda mai aski ya so saya, Mai Firji ya rantse ba za ta kai ƙarshen wata ba. Mai aski ya koma a ɓoye ya saye ta, ga ta nan har yau tana kai yaransa makaranta. Mota ɗaya tak ya taɓa sa wa albarka, ta ƙanin matarsa, ita ce kuma aka jawo da igiya tun kafin ta iso gida. Ya ce laifin direba ne.

Ana nan sai aka sayar da wani fili da mahaifinsu ya bari, aka ba kowa rabonsa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Tun a daren farko aka raba gari a gidan.

"Baban yara, jif za ka saya mana," in ji matarsa. Mace ce doguwa mai sanyin magana, amma in ta kafa ƙusa ba ta cirewa. "Na gaji da zuwa gidan mutane da ƙura a gira. Mu shiga mu rufe ƙofa mu ma kamar 'ya'yan mutane."

"Jif za ta ɗaukar mini firiza? A-kori-kura nake so. Shekara nawa ina ba Tsoho kuɗin dako?"

Tsoho shi ne mai wata farar a-kori-kura da ke ɗaukar masa kaya tun yana sabon buɗe shago, dattijo marar magana wanda motarsa ke tafiya a karkace kamar kaguwa.

"To ka sayi a-kori-kurar, ka ɗaure mu a baya da igiya tare da firizar."

Aka yi makonni ana wannan ja-in-ja. Ya zagaya filayen sayar da motoci da maganaɗisunsa, ya kushe duk abin da aka nuna masa, har dillalai suka fara shigewa banɗaki in sun hango shi.

Wata ranar Laraba aka kira shi gyaran ɗan ƙaramin firji a ofishin wani filin motoci da ke can gefen gari, inda ba a san shi ba. Yana cikin aiki ruwa ya sauko, ya ɗauke. Ya fito yana goge hannu da tsumma, sai ya gan ta.

Baƙa ce wuluk, ruwa na gangarowa a jikinta. Daga gaba jif ce sosai: ƙofa huɗu, dogon hanci, manyan tayoyi, gilasai masu duhu. Amma da ka bi ta da ido zuwa baya, sai ka ga kamar an sa wuƙa an yanke rufin, an bar buɗaɗɗen bodi irin na a-kori-kura, an shimfiɗe shi da baƙar roba mai sheƙi. Mai Firji ya tsaya da akwatin kayan aikinsa a hannu. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba, haƙoransa duka suka fito shan iska.

Dillalin wurin, wani siriri mai ƙamshin turare da zobe a kowane yatsa, ya riga ya iso gefensa.

"Yallaɓai, ka san mota. Tun safe mutane ke wucewa ta gabanta, babu wanda ya gane ta sai kai."

"Wace iri ce wannan?"

"Wannan ai ita ake kira raba-gardama. Gaba ta Hajiya da yara, baya ta neman abinci. Ranar aiki ka ɗora kaya, ranar hutu ka sa manyan kaya ka shiga, mai gadi ya buɗe maka ƙofa yana sara maka. Wata tsohuwa ce mai ita, daga gida sai asibiti, daga asibiti sai gida. 'Ya'yanta ne suka hana ta tuƙi."

A wani lungu na kansa wata murya ta tambaya me tsohuwa take yi da bodin ɗaukar kaya. Ya ce wa muryar ta yi masa shiru. Maganaɗisun yana aljihunsa, ya ji nauyinsa a cinyarsa, amma sai ya ga rashin kunya ne a manna wa irin wannan halitta guntun ƙarfen ƙofar firji a gaban mutane.

Suka shiga gwaji. Lasisi dai yana da shi, tuƙin ne ya kwana biyu. Suna fita titi dillali ya murɗa rediyo har ƙarshe. Waƙar ta zamanin samartakar Mai Firji ce, sai ga shi yana bi yana buga sitiyari da yatsu. Gilasai a sauke, iskar bayan ruwa tana shigowa mai sanyi. Wani ɗan sanda a mahaɗa ya ɗaga masa hannu. A rayuwarsa ɗan sanda bai taɓa ɗaga masa hannu ba sai don ya tsaya.

Kafin la'asar an gama ciniki. Babur ɗinsa ma a can ya manta shi, sai washegari ya aika aka ɗauko.

Da ya shigo layinsu yana danna hon, yara suka biyo shi da gudu. Matarsa ta fito da mayafi a kafaɗa, ta tsaya ta gaba, fuskarta ta washe. Ta taka a hankali tana shafa ƙofofi, har ta kai baya. Nan ta tsaya.

"Baban yara, ina sauran?"

"Sauran me?"

"Sauran motar. Ko kuɗin ne bai kai ba suka ba ka rabi?"

Ya yi mata bayani irin na dillali, har da raba-gardama. Ta saurare shi tsaf, sannan ta ce, "Jemage ke nan ka sayo mana. Shi ba tsuntsu ba, shi ba dabba ba." Duk da haka ta shiga gaba ta zauna, ta sauke madubin da ke saman gilashi ta duba fuskarta. 'Yan matan suka cusa kansu a kujerar baya, wadda take a miƙe kamar bencin kotu, gwiwoyinsu na taɓa haɓarsu. Babbar ta ce ba komai, ai ba nisa za a je ba.

Mai aski ya zo ganin mota da almakashi a hannu. Ya zagaya ta, ya ce, "Mutumina, wa ya raka ka?"

"Ni nake raka mutane, ba a raka ni."

"Ka sa mata maganaɗisun?"

"Wanda ya san mota ido ya ishe shi."

"Haka ne," in ji mai aski, "wanzami ba ya son jarfa."

Aikin farko da ya samu bayan sayen motar wani ƙaton firji ne mai ƙofa biyu a gidan wani ma'aikacin banki. Mai Firji ya je da motarsa, ya juya ta da baya har bakin ƙofa, ya sauke murfin bodi. Masu dako suka turo firjin. Sai idonsa ya sauka a kan ƙafafun firjin, duk tsatsa da kaifi, ya dawo ya dubi baƙar robar nan da ya goge da man gashi da safe. Zuciyarsa ta ce ina.

"Ku dakata," ya ce. Ya ciro waya ya kira Tsoho.

Haka aka yi tafiyar: farar a-kori-kura a gaba tana karkace da firji a tsaye, baƙar mota a baya da fitilun gargaɗi a kunne, bodinta fayau. Mutanen layi suka ɗauka gawar wani babba aka ɗauko. Tsoho ya karɓi kuɗin dakonsa kamar kullum. Daga ranar haka tsarin ya zama. Matarsa ta ce, "Wato da Tsoho kaɗai kake biya, yanzu kana biyansa kana kuma shan mai don ka raka shi."

"Ba za ki gane ba. Roba in ta karce ba ta komawa."

Dangi kuwa labari ya riga ya kai musu cewa ƙaninsu ya sayi mota mai baya. Mai son a kai masa gado, mai buhunan siminti, mai tsohon keken ɗinki, har da wani ɗan gwaggo da ba a gan shi ba tun rasuwar mahaifinsu, ya zo da maganar akuya uku. Mai Firji ya zama gwanin uzuri. Yau injin yana hutawa, gobe ana jiran baƙin mai ya kwanta, jibi taya ba ta son nauyi da rana. Ƙarshe babban wansu ya zo da kansa, ya zauna a falo ya ƙi shan ruwa.

"Kai, bari in gaya maka. Da ƙaramar mota ka saya, taka ce kai da iyalinka. Amma duk motar da ke da baya ta dangi ce. Haka aka gada."

"Yaya, ai ba don kaya aka yi bayan ba."

"To don me aka yi shi? Shanya?"

Mai Firji dai bai ba da makulli ba. Yaya ya fita yana cewa arziki ya canja yaron nan.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Damina ta wuce, zafi ya shigo. Wata rana da tsakar rana Mai Firji ya ɗaga gilasai ya danna maɓallin esi don ya sha sanyi, karon farko tun da ya sayi motar. Fanka ta yi gurnani, ta huro masa iska mai zafi da warin tsohon takalmi. Ya jira. Ya ƙara murɗawa. Zafi ya ƙaru.

Da birki ne ya lalace da ya faɗa wa duniya. Amma sanyi? Mutumin da ya yi shekara talatin yana sayar wa mutane sanyi, a ce motarsa ba ta sanyi? Ya san bakin mai aski. Don haka ya yanke shawarar da ta fi kowace wahala: ya ci gaba da yawo da gilasai a rufe. Zai shigo layi a hankali, fuska a sake kamar mai jin daɗi, gumi na bin bayansa har cikin takalmi. Ya ajiye tawul da riga ta biyu a ƙarƙashin kujera. In zai fito sai ya ɗan yi kamar yana rawar ɗari, ya ce, "Kai, esin nan sai na rage shi."

Matarsa ce kaɗai ta sani, don ita ta shiga sau ɗaya ta fito kwalliyarta ta narke. Ta ce ko ya sauke gilashi ko ta koma hawa bas. Ya ce in sun fita daga unguwa za a sauke.

Ya gwada gyarawa da kansa a cikin gida, ƙofa a rufe. Ya kwance gaban motar ta ciki gaba ɗaya, ya baza a tabarma. Da ya mayar, sukurori suka yi saura cike da murfin kwano, kuma tun daga ranar in ya kunna siginar hagu sai hon ya amsa. Ya koma tsara tafiyarsa ta yadda duk kwanar da zai sha ta dama ce. Da abin ya ishe shi, ya ja hula har gira ya tafi wurin wani mai gyaran esin mota a ɗaya ƙarshen garin. Mutumin ya buɗe bonet, ya leƙa, ya sake leƙawa.

"Alhaji, me ka ce a duba?"

"Kwamfireso nake zargi."

"Ai sai ka kawo shi a zarge shi. Babu shi a nan. An cire shi tun tuni, ga gurbinsa gizo-gizo ya yi gida."

Mai Firji ya leƙa. Shi da yake gane ciwon kwamfireso da kunne, ya sayi mota bai lura babu shi ba. Ya tambayi kuɗin sabo, aka faɗa masa, ya rufe bonet da kansa ya ce zai dawo.

Ana cikin haka mai benen ya aiko cewa za a rushe ginin a yi sabo, kowa ya kwashe kayansa. Mai Firji ya sami wani shago a gaba kaɗan, bayan gadar jirgin ƙasa, ya yi ta jan ƙafa har ranar ƙarshe ta zo, motar rusau ta iso ta tsaya a bakin layi. Ya kira Tsoho. Ɗan Tsoho ne ya ɗauka, ya ce Baba yana kwance ƙafa ta kumbura, motar ma an cire mata giya. Ya kira wasu masu a-kori-kura, duk mai aski da mai caja sun riga shi.

Cikin kayan da ke shagon akwai wata doguwar firiza ta wata mata mai sayar da ƙanƙara, wadda ko masu karɓar haraji ba sa son haɗuwa da ita. Ta zo da kanta ta tsaya, hannu a ƙugu.

"Malam, ga mota a gabanka kana neman mota? In bulo ɗaya ya faɗo a kan firizata, da ni da kai sai an raba."

Babu yadda ya iya. Ya aika gida aka kawo bargo biyu, da dardumar falo, da katifar ƙaramar 'yarsa. Ya shimfiɗa su a bodi kamar za a kwantar da jariri. Majiya ƙarfi suka ɗaga firizar, yana bin su yana cewa a hankali, don Allah a hankali. Bodin ya yi mata kaɗan, kusan rabinta a waje, sai da aka bar murfin a sauke aka ɗaure da igiya. Mai ƙanƙara ta buɗe gaba ta shiga ba tare da an ce mata bismillah ba, ta sauke gilashi tana cewa wannan wane irin tanda ne.

Sun yi tafiya lafiya har gadar jirgi. Kafin gadar akwai tudun rage gudu, ya hau shi a hankali kamar mai taka ƙwai. Tayoyin baya na sauka aka ji ƙara, ɓaras, motar ta girgiza. Ya fito da gudu. Firizar ta durƙusa ta gefe ɗaya. Ƙafarta ta huda katifa, ta huda darduma, ta huda baƙar robar, ta leƙo ta ƙasan mota.

Mutane suka taru. Wani mai faci ya kwanta ya leƙa ƙasa, ya fara dariya har da buga ƙafa. Mai Firji ya durƙusa shi ma. Ƙarƙashin robar nan da ya yi wata da watanni yana shafa wa mai, babu ƙarfe sai tsatsa mai ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Inda ramin ya fi girma an toshe shi da tsohon allon talla na katako, har ana iya karanta rubutun: ana sayar da kifi a sari.

"Tsohuwar taka da kifi take zuwa asibiti?" in ji mai ƙanƙara, don a hanya ya riga ya ba ta tarihin motar.

Firizar ta ƙi fita. Ransa ya ɓaci irin ɓacin da bai taɓa yi ba, ya ja motar haka, da firiza da mai firiza, sai filin motoci. A hanya dole ta sa ya sha kwanar hagu har sau da yawa, hon yana ta yi musu shela.

Dillali ya fito da turarensa. Ya saurari ihun Mai Firji har ya gama, ya dubi ramin, ya yi salati.

"Yallaɓai, ai ba ka gaya mini kaya za ka ɗora mata ba."

"Ba kai ka ce baya ta neman abinci ba ce?"

"Abinci na ce, ban ce firiza ba. Kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma don mutunci, kawo in saya."

Dillalin ya shiga ofis ya fito da maganaɗisu. A gaban idon Mai Firji ya bi jikin motar da shi, yana nuna duk inda ya ƙi kamawa. Ya zaro sandar baƙin mai ya sansana, ya girgiza kai. Ya danna esi, ya ɗaga gira. Ya kunna sigina, hon ya gaishe shi. Sannan ya faɗi abin da zai iya biya, wanda ko babur mai lafiya ba zai saya ba.

Mai Firji ya dubi dillalin. Wani abu ya taso masa daga ciki, ya ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ya yi ta har ya dafa firizar, tabaransa suka zame. Mai ƙanƙara ta ce in ya gama haukan a kai mata kayanta.

Wurin mai walda suka nufa. Aka ɗaga firizar da sarƙa, aka yaye robar aka jefar, aka yanko faranti mai kauri na tsohon tankin ruwa aka liƙa a bodin. Ɗinkin waldar ya fito ƙuru-ƙuru kamar tabon tiyata, launinsa shuɗi a jikin baƙar mota. Mai Firji ya hau ya yi tsalle a kai da ƙafa biyu, ko gezau. A ranar ya kwashe shagonsa kaf, sawu bayan sawu, gilasai a sauke, yana jin ƙafafun firji suna karce farantin, abin mamaki kuma ko a jikinsa.

Da ya koma gida da darduma mai rami, matarsa ta ɗaga ta ta leƙo shi ta cikin ramin. Ya ba ta labari tun daga farko, bai rage komai ba. Ta ce, "Allah ya ƙara tona asirin kifi." Sannan ta ce tunda yanzu motar ta san aikinta, akwai buhunan gawayi da take son a ɗauko mata. Kafin mako ya zagayo an kai wa Yaya siminti, an kai gado, akuyoyin ɗan gwaggo ma sun sha iska. Tsoho da ya warke ya zo sabon shago ya dubi farantin, ya ƙwanƙwasa shi da sanda, ya ce waldar ta yi. Ita ce doguwar maganar da aka taɓa ji daga bakinsa. Yanzu in kaya sun yi yawa su biyu suke rabawa.

Kwanan baya mahaifiyar Mai Firji ta zo daga gidan ƙanwarsa don a duba mata ido. Tsohuwa ce ƙarama mai kaifin harshe. Da safe ya buɗe mata ƙofar gaba, ta sa kai ta ji hucin ciki, ta janye.

"Ni ba burodi ba ce da za ka gasa ni. Ɗauko mini kujerata."

"Inna, wace kujera?"

"Ta falo mai hannu. Ɗora ta a can baya."

Ya yi magiya, ya ce mutane za su ce ya wulaƙanta uwarsa. Ta ce mutanen su zo su shiga gaban su ji. Haka aka ɗora kujerar, ya ɗaure ta tamau da igiyar firiza ta kowane ɓangare, jikokinta suka tallafa mata ta hau, babbar ta zauna a gefenta riƙe da lema. Ya ja motar a hankali kamar mai tura amalanke. Inna tana zaune a sama, carbi a hannu ɗaya, ɗaya hannun tana amsa gaisuwar mutanen layi, har da waɗanda ba su gaishe ta ba.

A ƙofar asibitin mai gadi ya dube su, ya rasa ko marar lafiya ce ko babbar baƙuwa, sai ya buɗe ƙofofin duka biyu. Da aka sauke ta, ta gyara mayafinta ta dubi ɗanta, rigarsa sharkaf da gumi.

"Motarka tana da kyau," ta ce. "Sai dai ban ga amfanin wannan ɗakin na gaba ba. In ka sami mai saye, ka sayar da shi."